Ba Kunyar Ɗiyar Fari Ba Ce

Da lafiya lau ake, a Argungu zan haihu, a ɗakin Inna mahaifiyata. Sai korona ta zo, aka hana zirga-zirga, ƙannena maza suka ce tsohuwa mai ciwon suga ba ta leƙa ko zaure. Mijina Sahabi kuwa ya kai albasa kudu, aka rufe hanya da shi can. Haka na haifi Mansura a gidan haya a Birnin Kebbi, aka raɗa suna ba taro, ba guɗa.

Maƙwabciyata Ɗayyaba, Allah ya saka mata, ita ke dafa min ruwan wankan jego safe da yamma. Ta ajiye bokiti a bakin ƙofa, ta ja da baya da takunkumi a fuska, ta yi min sannu daga nesa.

Daga ruwan nan abin ya fara. Ran nan ina riƙe da yarinya, na dubi tururin, sai wani tunani ya faɗo min: in na sake ta ciki fa? A'uzubillahi! Na yi maza na shimfiɗe ta. Tunanin bai tafi ba. In na ga wuƙa, shi ne. In na ga rijiya, shi ne. Wallahi ina son ɗiyata, amma hannuwana na daina yarda da su. Nono kawai nake ba ta, a kwance, in koma ƙarshen gado in zuba mata ido tana kuka.

Ɗayyaba ta hango ta taga, ta yi dariya. "Oh ni! Ashe akwai sauran masu kunyar ɗiyar fari? Ko kallonta ba ki yi gaban mutane. An yi tarbiyya a nan!"

Kunya? Kunyar me, ni da ɗaki kaɗai! Amma na bar ta a kan haka. In na faɗa, a ce aljanu, ko a ce na haukace, a raba ni da ita. Har Sahabi ya ji labari, ya kira yana min tsiya wai na fi Fulani kara.

Wata la'asar cibiyar Mansura ta ɗan kumbura, sai an gasa. Ruwa na bakin ƙofa, yarinya na tsala ihu, ni na kasa matsawa. Na kira Inna a waya.

"Ke, mi na na?" ta ce. "An gaya min kina da kara, na ji daɗi. Amma gasa cibiya ba kunya ciki, ɗauke ta."

"Inna, ba kunya ba ce." Na fashe da kuka. "Tsoro nake in kashe ta."

Na jira salati, na jira ta ce a kira malam. Ni ce ta farinta, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "waccan".

"Kulsumi," ta ce. "Kulsumi, nima na yi shi, a kanki. Ba ni iya ɗaukarki, kowa na yabon kunyata. Wanga abu ciwo na, ana maganinshi asibiti. Kar ki taɓa ruwan nan. Kira min Ɗayyaba ta shigo har cikin ɗaki."