Sunan Goni a Kwamfuta

Kwana uku Khalifa yana fama da kwamfutoci biyar na ofishin Alhaji Modu, mai kamfanin dakon kaya a bayan Titin Ibrahim Taiwo. Shekara biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, kowa sai zancen gyara yake, Khalifa kuwa da bai daɗe da gama jami'a ba ya ɗauki zancen da gaske. Ya buɗe wa kowane ma'aikaci sunan shiga da kalmar sirri, ya kuma iyakance wa kowa inda zai leƙa: mai buga wasiƙu ba ruwanta da takardun direbobi, wasan kati kuma ya haramta. Amma kullum sai ya tarar kamar bai yi komai ba.

Ya duba wayoyi, ya sake rubuta ƙa'idojin. In ya gwada da hannunsa, komai lafiya. Ranar Juma'a sai ya yi sammako ya tsaya bayan Madam Nkechi, mai buga wasiƙu, wadda ke takowa daga Sabon Gari kafin kowa. Ta kunna, ta buga suna: Goni. A hankali ta ce, "Allah ya jiƙansa."

"Madam, wane ne Goni?"

"Wan Alhaji. Shi ya kawo injinan nan, shi ya koya mini. Bara ya rasu."

Ari, mai kula da direbobi, ya yi dariya. "Injiniya, ai dukanmu da sunansa muke shiga. Na tsohon kowace ƙofa yake buɗewa, naka kuwa sai ka ce shingen kan hanya."

Ran Khalifa ya ɓaci. "Abin da ya kashe ƙasar nan ke nan. A kafa doka da safe, kafin azahar kowa ya sami hanyar baya. Mutum yana kabari, ku kuna fakewa da shi."

"Ɗana," in ji Nkechi, "rage masa iko in kana so. Amma ka bar mana shi."

Rage ikon aikin minti biyu ne, Khalifa ya sani, sai dai a ganinsa sassauci shi ne cutar. Da aka watse zuwa sallar Juma'a, kafin su dawo, ya share sunan da duk abin da ke ƙarƙashinsa.

Ranar Litinin Nkechi ta buga sunan sau uku, kwamfuta ta ƙi. Ta juyo.

"Ka cire shi?"

"Na cire."

"Wasiƙun da ya gyara mini suna ciki. A ƙasan kowace yakan rubuta mini magana. Ta ƙarshe cewa ya yi, 'Nkechi, yau ba kuskure, je ki ci abinci.' Da hoton gidansu na Geidam. Alhaji kan zo ya tsaya nan ya kalla."

Ari bai yi dariya ba. Khalifa ya ja kujera, ya sake buɗe sunan Goni, harafi da harafi, da tsohuwar kalmar sirrin da ta faɗa masa. Allon ya buɗe shuɗi, fayau, babu komai.

"Ga shi ya dawo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta daɗe tana kallo. "Wannan wani ne, ɗana."

A lokacin Alhaji Modu ya shigo. Ya tsaya bayan kujerar, ya dubi allon, ya dubi Nkechi. Ba wanda ya yi masa bayani, bai kuma nema ba.

"Injiniya, yanzu dokar taka ta kama kowa?"

"Ta kama, Alhaji."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya shiga ofishinsa ya tura ƙofa.