Ranar Gayyar Kamaruddeen

Takardar da Kamaruddeen ya sa wa hannu a wani siton riɗi da ke Dawanau shafi ɗaya ce tak. Ta kira shi ma'aikaci, amma ba ta faɗi kwana nawa zai yi aiki a mako ba. Idan mota ta iso za a neme shi a waya. Wanda aka kira sau biyu bai zo ba, za a soke sunansa. Shi kuwa kira ɗaya ya riga ya wuce shi, ranar da sabis ya ɗauke a ƙauyensu da ke bayan Tofa.

A ƙauyen, noman damina da gayya ake yin sa. Magidanta goma sha biyu ne suka haɗa kai, kowa da ranarsa. A taru a gonar mutum a nome masa, matarsa ta dama fura. Ba a rubuta komai, amma kowa yana riƙe da fuskar wanda ya zo masa.

Ranar gayyar Basiru, da asuba, Munir mai kula da leburorin siton ya kira ya ce kowa ya hallara ƙarfe bakwai. Kamaruddeen ya jingine fartanya ya tari ɗan acaɓa. Suka zauna a gindin katanga har azahar, sannan Munir ya leƙo ya ce motar ta lalace a hanya, a koma gida. Zaman jira ba ya cikin abin da ake biya.

Haka aka kira shi ranar gayyar Hashimu, haka ranar ta Zaharaddini. A kiran nan uku sau ɗaya aka sauke kaya, shi ma aikin awa biyu. Kamaruddeen ya roƙi Munir ya riƙa sanar da su tun jiya, don mutum ya san inda zai sa ƙafa.

"Ni ma da asuba ake gaya mini," in ji Munir. "Ai ka yi sakandare, malam. Ba ka karanta takardar ba ne?"

Tasa gayyar ta faɗo ranar Laraba, lokacin ciyawa ta kusa shanye geron. Matarsa Tahira ta daka furar mutum goma sha biyu. Da asuba wayar ta yi ƙara. Ya zuba mata ido har ta katse, ya saɓa fartanya ya nufi gona.

Har hantsi ya dubi ludayi mutum ɗaya ne ya zo: Muhammadu Sani, ƙanin mahaifinsa, wanda ya haura sittin.

"Baba, ina sauran?"

"Basiru ya ce in gaya maka an kira shi a waya."

Wayar Basiru tun bara ta faɗa rijiya, kuma duk ƙauyen an sani. Kamaruddeen ya fara bayanin cewa ba da son ransa ya ƙi zuwa musu ba. Tsohon ya katse shi.

"Sun sani, ɗana. Amma kunyoyin da ya kamata ka nome, su suka nome su."

Suka duƙa su biyu. Wajen azahar saƙo ya shigo daga Munir: motoci biyu sun iso, akwai aikin kwana huɗu, kuma bisa sharaɗin takarda an maye gurbinsa da wani. Kamaruddeen ya karanta sau biyu, ya mayar da wayar aljihu.

Daidai nan Tahira ta iso da babbar ƙwarya a ka. Ta dubi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan, ta sauke furar a gindin ɗorawa. Kunya tara suka nome. Saura hamsin da ɗaya.