Fentin Kan Noti

Babur ɗin bai cika wata biyu a hannun Manu ba ya fara wata ƙara daga ƙasan inji, kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya da ludayi. Da safe ba ta fita sosai. Sai inji ya yi zafi, ya ɗauki mutum biyu, sannan take bayyana.

Da shanun huɗarsa biyu ya sayi babur ɗin. Can bayan kaka, rani ya yi nisa, ya kai su kasuwar Maigatari ranar wata Alhamis, washegari ya wuce Gumel shagon Alhaji Ɗalha, wakilin kamfanin da ke kawo irin baburan. Dabararsa ita ce kafin ruwa ya sauka babur ya mai da masa ko da sa ɗaya. Da safe yana kai nonon matarsa Rabi'atu cikin Sule Tankarkar, da rana ya ɗauki fasinja, ranar Alhamis ya yi ta jigilar 'yan kasuwa zuwa bakin iyaka.

Ranar da ya biya kuɗi, Alhaji Ɗalha ya sa shi ya tsuguna gefen injin, ya nuna masa ɗigon fenti ruwan ɗorawa a kan kowane noti.

"Ka ga wannan? Shi ne garantinka, ba takardar da ke aljihunka ba. Wata shida cur, duk abin da ya samu inji, kamfani zai gyara, ba ka ba da ko sisi. Amma ranar da sufana ta hau kan notin nan, ba mu san ka ba, ba ka san mu ba."

Manu ya riƙe maganar. Har yakan maimaita ta ga abokan sana'arsa a bakin tasha, domin mafi yawan baburan yankin a kwali suke shigowa ta Maigatari, babu takarda babu fenti, in sun lalace mai su ya san inda dare ya yi masa.

Saboda haka da ƙarar ta tsananta, bai yi wata shawara ba. Ya ƙudurta zai lallaɓa da babur zuwa tashar Sule Tankarkar, a ɗaure shi a mota sai Gumel.

Matsalar ɗaya ce. Hanyar tasha ta gaban rumfar Malam Sha'aibu ta bi, kuma Malam Sha'aibu shi ya haifi Rabi'atu. Shekara talatin da biyar yana gyaran babur a wurin. Manu bai shawarce shi ba da zai saya, bai kawo masa ya haɗa ba. Rabi'atu ta taɓa gaya masa cewa tsohon ya tambaya sau ɗaya, "A ina aka haɗa masa?" Da aka ce Gumel, bai ƙara cewa komai ba. Tun daga ranar Manu yake jin nauyin wucewa ta nan.

Akwai wata hanya ta bayan firamare, amma yashi ne har idon sawu. Sai ya zaɓi ya kashe inji daga nesa, ya tura shi shiru ya wuce. Daga baya ya gane wautar. Ba a tura babur a gaban rumfar bakanike a ce ba za a gani ba.

Bilya mai faci, wanda rumfarsa ke jingine da ta tsohon, shi ya fara hango shi.

"Kai jama'a! Surukin likita da jinya a kafaɗa! Malam, ga naka nan yana saɗaɗawa kamar mai satar kaza."

Mutum huɗu da ke kan benci suka yi dariya. Manu ya kafe babur, ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin rumfa ya gaida surukinsa, idonsa a ƙasa. Malam Sha'aibu ya amsa, ya tambayi gida da dabbobi, sannan ya nuna babur da haɓa.

"Tayar da shi in ji."

Manu ya buga. Tsohon ya karkata kai, ya saurara kamar na minti ɗaya.

"Kashe. Wannan ba daga sama ba ne, daga ƙasa yake. Ina za ka da shi?"

"Gumel, Baba."

"Gumel," in ji tsohon, yana goge hannu da tsumma.

"To, Malam, ka ji," in ji Bilya. "Hannunka na tsofaffin babura ne. Sabo sai birni."

Malam Sha'aibu bai kalle shi ba. Ya jawo buhun da yake zama a kai, ya shimfiɗa gefen babur, ya zaɓo sufana. Ƙurar hanya da baƙin mai sun rufe notunan, kuma idonsa ba kamar da ba ne. Kafin ya ɗora sufanar ya ɗaga kai.

"In buɗe?"

Maganar tana bakin Manu, gajeriya ce, ya sha faɗa wa mutane ita. Amma ga mutane a benci, ga abin da Bilya ya faɗa yanzu, ga mahaifin matarsa zaune a ƙasa da sufana a hannu. Ya ga in ya ce a'a, ya tabbatar da zancen Bilya a gaban jama'a.

"Yadda ka gani, Baba," ya ce.

Yana kallo sufana ta zauna a kan noti na farko. Fentin ya tsage, ɓawonsa ya faɗi cikin yashi.

Kafin azahar inji yana warwatse a kan buhu. Malam Sha'aibu ya murza baƙin man tsakanin yatsunsa, ya nuna wa Manu garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Boris ɗin da ke riƙe karanshaf, sandar da ke juya inji, shi ne ya farfashe, ya ci karanshaf ɗin, ɓarɓashin ya hau ya kankare silinda.

"Da ciwonsa ya zo daga gidansu," in ji shi. "Ba tuƙinka ba ne. Ni ba ni da kayansa a nan. Bari in rufe maka kada yashi ya shiga, ka je ka samo."

Ya rufe shi yadda ya saba rufe kowane inji, ya bi bakin murfin da jan gam siriri, ya ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya. Manu ya sa hannu a aljihu, tsohon ya harare shi, ya fasa.

A shagon kayan gyara na bakin tasha ya tambayi farashi. Karanshaf na asali dubu tamanin da biyar. Silinda da fistin da ringi dubu saba'in. Mai shagon ya ce bara rabin haka ne, kuma in ya dawo wata mai zuwa kada ya riƙe shi da wannan magana. Akwai jabu na dubu arba'in, amma shi kansa mai shagon ya ce ba zai rantse ya kai damina ba. Abin da Manu ya mallaka da zai kai wannan kuɗi ɗaya ne: karsanar da ya bari a gida domin ta zama tushen wani garke.

Nasrullahi, abokin sana'arsa, shi ya kawo shawarar.

"Fenti ne fa, ba hatimin alƙali ba. Gwangwanin ɗari biyar ya ishe ka."

Manu ya sayi gwangwanin. Da la'asar ya kai babur bayan rumbu, ya wanke inji da fetur, ya bi jan gam ɗin da reza ya kankare, sannan ya tsoma tsinken tsintsiya ya ɗiga wa kowane noti. Rabi'atu ta zo ɗibar hatsi ta same shi a haka.

"Baba ya duba maka?"

"Ya duba."

"To wannan fa?"

"Ado ne."

Ta dube shi, ta dubi tsinken, ta ɗebi geronta ta tafi.

A Gumel ya tarar da babura biyar irin nasa jere a ƙofar shagon Alhaji Ɗalha, masu su na zaune a inuwa suna hira. Daga bakinsu ya ji labarin. Kamfani ya gano cewa duk rukunin da aka kawo bayan kaka da wannan ciwo suka zo, ya aiko da sababbin injina, ana sauke tsoho ana ɗora sabo. Ga kwalayen nan a jibge cikin shago. Mutumin Gagarawa da ke kusa da shi ya ce nasa ko awa biyu bai ɗauka ba.

Bakaniken kamfanin, Mannir, mutum ne mai kimanin shekara arba'in, ba shi da yawan magana. Da layi ya zo kan Manu, ya karɓi takarda, ya gwada lamba, ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon notunan. Sannan ya kwantar da babur gefe, ya leƙa ƙarƙashi, inda reza ba ta kai ba. Ya ciro wani siririn jan zare da farce, ya ɗora a tafin hannunsa.

"Yaya Baba Sha'aibu? Gwiwar tasa ta yi sauƙi?"



"Shekara bakwai na yi a rumfarsa," in ji Mannir, ya rage murya don kada na inuwa su ji. "Duk ƙasar nan ba mai jan gam siriri haka sai shi. Kai wane ne nasa?"

"Surukina ne."

"Allah sarki."

Manu ya roƙe shi. Ya ce ciwon ai na kamfani ne, tsohon bai ƙara komai ba, bai rage komai ba, dubawa kawai ya yi. Mannir ya ce duk ya yarda. Amma kowane injin da aka sauke mai da shi kamfani ake yi, can za su buɗe, kuma abin da ke waje kaɗan ne a kan jan gam ɗin da ke ciki. In suka gani, shi za su sallama, kuma su janye wakilcin daga Alhaji. Alhaji Ɗalha da aka kira ya fito, ya dubi notin, ya dubi Manu, ya ce, "Ai na gaya maka," ya koma ciki.

Mannir ya taya shi ɗaga babur.

"Ka gaya masa akwai garanti a kansa?"

Manu ya girgiza kai.

"Kash. Da ka faɗa, wallahi da kansa zai ɗaure maka shi a mota. Mutumin da in ka kawo gyaran birki ba ya taɓa fitila sai ya tambaye ka."

Ranar Alhamis Manu ya ja karsana zuwa Maigatari da ƙafa. Dillalai sun ga alamar matsuwa a fuskarsa, suka saye ta yadda suka so. Ranar Asabar ya iso rumfar surukinsa da babur da kayan gyara na asali a leda. Babu kowa a benci. Bilya na can yana fama da wata taya, ko sannu bai ɗaga kai ya yi ba.

Malam Sha'aibu ya zazzage ledar, ya duba kayan ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan buhu. Sannan ya sa babban yatsa ya kankari fentin da ke kan noti. Ya fita da sauƙi.

"Mannir ya kira ni," ya ce. "Wai gaisuwa."

Manu yana durƙushe.

"Ni na ɗauka irin na kwalin nan ne da ake shigowa da su. Na tambaye ka, ko ban tambaye ka ba?"

"Ka tambaye ni, Baba."

"Da me ka sayi waɗannan?"

"Karsanar."

Tsohon ya ɗauki karanshaf ɗin ya juya shi a hannu.

"Ka ji kunyata a gaban mutum huɗu," ya ce. "Yanzu duk Gumel an san Sha'aibu ya buɗe injin surukinsa ya jawo masa asara. Kuma abincin 'yata ne ya tafi." Ya miƙa hannu ba tare da ya dube shi ba. "Ba ni sha biyu."

Manu ya miƙa masa sufanar. Har la'asar ba su ƙara wata magana ba sai ta lambar sufana. Da aka gama, tsohon ya jiƙa tsumma da fetur ya bi notunan duka, ya goge fentin tas, sannan ya buga babur da kansa. Injin ya tashi sumul, ba ƙara ko kaɗan.

Ruwan farko ya sauka bayan sati biyar. Abin da babur ya tara bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba. Manu ya yi hayar shanun maƙwabcinsa, sai da suka gama gonar mai su da ta ƙanensa sannan suka zo tasa, shuka ta makara da kwana tara. Yana bin gaban rumfar kullum da safe da jarkokin nono, ya tsaya ya gaida surukinsa, a amsa masa kamar yadda aka saba. Sau biyu ya tarar an kawo wa tsohon sabon babur. Duka biyun ya ga ya fara goge noti da tsumma, ya kusanto da fuskarsa ya duba, kafin ya taɓa sufana.