Ranar da Baba Ya Bi Hanyar Tudu

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana jan doguwar mota kafin ciwon baya ya zaunar da shi gida. Tun daga nan, duk wanda zai yi tafiya a layinmu sai ya fara biyowa ta ƙofar gidanmu. Baba zai gyara zama a kujerarsa ta roba, ya tambayi mutum wane wata ake ciki, kamar bai sani ba, sannan ya fara. In lokacin zafi ne, a tashi kafin rana ta fito, kuma kada a cika ciki. In lokacin hutun makarantu ne, a kama ɗakin kwana tun da mako uku. In damina ce kuwa, dokarsa biyu: a ƙara kwana ɗaya a kan tafiyar, kuma kada a kuskura a bi hanyar kwari.

Ƙanwata, autarmu, tana buga ƙwallon kwando a kwalejinsu. Duk gidan ta fi mu tsawo, ita ke canza mana ƙwan lantarki ba tare da ta taka kujera ba. Shekara huɗu tana bugawa, Baba bai taɓa ganinta a fili ba. Ba hana ta ya yi ba, wasan ne kawai bai shiga kansa ba.

"Kwandon ma ba shi da gindi," yakan ce. "Ki jefa ya faɗo, ki jefa ya faɗo. Yaushe za ku cika shi?"

Da suka kai wasan ƙarshe, wanda za a buga a wani gari mai nisan awa shida, Auta ta kira shi da kanta.

"Baba, wannan ne na ƙarshe fa. Daga shi na ajiye riga."

Ya ce, "Wace rana?"

"Asabar, ƙarfe huɗu."

"To, ki ɗaga kai ki duba cikin 'yan kallo ranar, za ki gan ni."

Kwalejin ta ba da bas ga iyaye da magoya baya. Maman Kyaftin, wato mahaifiyar shugabar 'yan wasan, ita ke rubuta sunaye, ta zo har gida da takardarta.

"Yaushe bas ɗin zai tashi?" Baba ya tambaye ta.

"Asabar da sassafe."

"Ta wace hanya?"

"Ta kwari mana, ai ta fi kusa."

Baba ya yi dariya har da buga cinya. "A tsakiyar damina? Ranar wasan? Hajiya, goge sunana. Ke ma in kina son ganin 'yarki, ki biyo ni ranar Juma'a ta hanyar tudu."

Ta ce ita ba za ta bar mutanenta ba. Mama ma ta ce ba za ta iya da doguwar hanya ba, ga hawan jini ga shago. Ni ce ma'aikaciyar jinya a gidan, sai na roƙi hutun kwana biyu a asibitinmu na bi shi.

Mako guda Baba ya yi yana shirya tsohuwar motarsa. Ya canza robar goge gilashi, ya duba birki sau biyu, ya sa igiya, tocila, jarkar ruwa, burodi da ayaba. Kayan sawarmu duk sai da ya sa na ƙulle su a leda kafin su shiga jaka. Auta ta aiko masa da koriyar rigar ƙungiyarsu, ta matse shi a ciki, amma haka ya sa ta a kan rigarsa tun daga gida.

Mun tashi Juma'a da safe ana yayyafi. Awa uku muna tafiya lafiya lau, Baba yana nuna mini wuraren da ya taɓa yin faci da inda wani abokinsa ya taɓa kifewa da lodin siminti. Wajen sha biyu muka tarar da layin motoci. Baba ya fita ya je gaba, na bi shi da lema.

Hanyar ce babu. Ruwan da ya sauko daga duwatsu ya cinye ƙaramar gadar da ke wurin, ya bar rami mai faɗin ɗaki biyu, jan ruwa yana gudu a ciki da rassan itace. Baba ya daɗe yana kallo.

"Wannan gadar ba ta taɓa yin haka ba," ya ce.

Wani direban tirela ya gane shi, ya zo ya gaishe shi da ladabi. "Baba, ai kai ka koya mana bin nan in ruwa ya sauka. Yau ga mu tare."

Da wasa ya faɗa, amma na ga fuskar Baba ta canza. Ya ce mu juya, har yanzu akwai lokaci. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba muka tarar da kogin da muka tsallaka da safe ya hau kan titi, 'yan sanda sun tare hanya da ganguna. Muka sake komowa bakin ramin. A ajin wata makarantar firamare muka kwana, mu da sauran matafiya, a kan bencina.

Asabar da safe ma'aikatan hanya suka iso ta ɗaya ɓangaren da katafila ɗaya. Baba ya tsaya a bakin ramin yana ɗaga murya.

"Zuwa ƙarfe nawa?"

"Sai ruwa ya ja, Baba!"

"Yaushe zai ja?"

Mutumin ya ɗaga hannuwa sama kawai.

Waya ba ta kamawa sai a kan wani tarin duwatsu a bayan makarantar. A can na samu saƙon Maman Kyaftin wajen ƙarfe ɗaya: bas ɗinsu ya isa, hanyar kwari ƙalau take, ko tabo ba su taka ba. Na yi niyyar ɓoye masa, amma yana bayana.

"Karanta mini," ya ce.

Na karanta. Ya zauna a kan dutse, ya ciro hularsa yana juya ta a hannu.

Na kira Auta. Ta ce, "Yaya, kun iso? Na kama muku kujeru biyu a layin gaba."

Na miƙa wa Baba wayar, ya girgiza kai. Ni na gaya mata hanya ta yanke, ba za mu iso ba. Ta ce, "Ba komai. Ki ce masa kada ya damu." Na ji koci yana kiransu, ta kashe.

Ƙarfe huɗu Maman Kyaftin ta kira, ta ce za ta bar wayar a buɗe. Na ƙara murya, na ɗaga wayar sama don kada ta yanke. Kafin a jima direbobi sun kewaye mu, da wata mai sayar da yadi, da wasu fasinjoji da zaman ya ishe su. Ba ma jin komai sai ihu da usur da ƙarar takalma a kan katako, sai muryar Maman Kyaftin tana tsoma baki.

"Auta ce! Ta jefa! Ta shiga!"

Direbobin suka ɗau sowa kamar sun san ta. Baba ya miƙe tsaye.

"Nawa ake ba ta?"

"Uku, Baba, daga nesa ta jefa."

"To me ya sa ba za ta riƙa jefawa daga nesan kullum ba?"

Aka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da maki biyar. Hannuna ya gaji, direban tirelar ya karɓi wayar ya ci gaba da ɗagawa.

Ba a daɗe da dawowa ba muka ji usur mai tsawo, sai ihun filin ya mutu gaba ɗaya.

"Hajiya?" Baba ya ce. "Hajiya, me ya faru?"

"Ta faɗi," in ji ta. "Ta yi tsalle ta sauko a kan ƙafar wata. Tana riƙe da gwiwa. Wayyo Allah, ba ta tashi ba."

Na fizge wayar. "Kada a ɗaga ta! Ki ce musu kada kowa ya ja ƙafar! A sa ƙanƙara, a ɗaure ta yadda take!"

"Ina can sama cikin 'yan kallo, 'yata, ba za su ji ni ba."

"Ki sauka mana! Akwai likita a wurin?"

Ta fara wata magana, sai wayar ta yanke. Na sake kira, ba ta shiga. Na hau dutsen da ya fi tsawo, na juya gabas na juya yamma, babu. Shekara tara ina ɗaure ƙafafun 'ya'yan mutane, ranar ina tsaye a kan dutse ina yi wa waya tsawa.

Da na waiwaya Baba ba ya wurin. Na hango koriyar rigarsa a bakin ramin. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a gangaren. Direban tirelar ne ya riga ni isa, ya rungume shi ta baya.

"Sake ni, ɗana. Na tsallaka ruwan da ya fi wannan."

"Da mota ka tsallaka, Baba. Wannan ko saniya ce sai ya tafi da ita."

"'Yata ce a ƙasa."

"Na sani. Wallahi ba zan sake ka ba."

Ya yi ta fizga har ƙarfinsa ya ƙare, sai ya sulale ya zauna a cikin tabo. Na durƙusa kusa da shi.

"Da na shiga bas ɗin nan," ya ce.

"Baba, ko kana wurin faɗuwar za ta yi."

"Amma da ta ɗaga kai za ta gan ni."

Wajen ƙarfe shida saƙon Maman Kyaftin ya shigo: an kai ta asibiti, tana magana, an cinye su da maki huɗu.

Lahadi da safe ruwan ya ja. Ma'aikatan suka shimfiɗa katakai a kan duwatsun da suka zuba, aka fara tsallakawa da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ba direban tirelar makullin motarsa don ya kula da ita, ba tare da ya tambayi ko lambar wayarsa ba, ni na tsaya na karɓa. A ɗaya ɓangaren muka sami motar kayan lambu, muka zauna a baya a kan buhuna har cikin gari.

Auta tana gado na uku daga ƙofa, ƙafarta a miƙe cikin ƙarfe da bandeji, gashinta a hargitse. Maman Kyaftin ce ta kwana da ita. Da ta ga Baba, da tabon da ya bushe a wandonsa, sai ta fara dariya, dariyar ta koma kuka.

"Sannu, Baba."

"Ni za ki yi wa sannu?"

Ya zauna a bakin gadon a hankali, yana tsoron taɓa ta. Na ɗauko hoton da asibitin ya yi wa gwiwar na ɗaga shi a hasken taga, na karanta abin da aka rubuta a katin. Jijiyar ta tsinke. Auta tana kallon fuskata, sai na mayar da katin na ce zan nemo ruwa.

Likitan ya shigo kafin in fita, matashi ne mai saurin magana. Ya ce za a yi aiki ranar Laraba, bayan kumburin ya sauka, kuma ana buƙatar uba ya sa hannu. Baba ya laluba aljihu, tabaraunsa na cikin mota. Ni na karanta masa takardar layi bayan layi, har da wurin da aka jera abubuwan da ka iya faruwa.

"Likita," ya ce, "ban damu da wasa ba. Za ta yi tafiya daidai?"

"Yawanci suna yi, Baba. Amma sai mun shiga mun gani."

"Akwai abin da zan yi kafin Laraba? Jini, ko wani abu da za a nemo?"

"Babu. Ku jira kawai."

Baba ya karɓi biron. Na ɗora yatsana a inda zai sa hannu, ya sa. Allurar rage zafin da aka yi wa Auta ta fara aiki, idonta na lumshewa. Ma'aikaciyar ɗakin ta ce lokacin ziyara ya ƙare, mutum ɗaya kawai zai zauna, kuma ɗakin mata ne. Baba ya tashi ya fita, ya sami benci a baranda daidai tagar da ake hango gadonta, ya zauna.