Ɗan kunnen da ke ƙarƙashin kujera

Mijina shi ke yankawa da haɗa hotunan wani wasan barkwanci na talabijin, abokan aikinsa ma Almakashi suke ce masa. Aikinsa na ƙarshe a kowane kashi shi ne saka dariyar nan da kuke ji bayan an yi magana. To shi bawan Allah bai yarda da kunnensa ba, sai nawa. Duk Asabar da la'asar zai ajiye min kwamfuta a teburin falo, ya zauna gefe da biro da takarda, duk inda na yi dariya ya rubuta mintin.

Ni kuwa ba na kallo bakina a rufe. Wasan nasu kullum hanya ɗaya yake bi: mata ta ga rabin abu, ko miji ya tsinci ƙarshen zance ta bayan ƙofa, sai a kwashe minti ashirin ana kumbure-kumbure. Nakan ce wa matar cikin wasan, ke bakinki ciwo yake yi, ki tambaye shi mana. Shi kuma ya ce in ta tambaya ai wasa ya ƙare, su ci me.

Laifi tudu ne. Ran nan ina share motarsa na zura hannu ƙarƙashin kujerar gaba, sai ga ɗan kunne guda, dogo, mai jan dutse, irin wanda ko ɗaure ni aka yi ba zan sa ba. Na jefa shi a jakata na yi gum. Sati uku ina ajiye masa abinci ba na kallon fuskarsa. In ya ce lafiya, in ce ciwon kai ne. Asabar biyu na ƙi kallon wasan. Yayata ta ce min a waya in tambaye shi kafin in yanke hukunci, na ce ita ba ta san maza ba, ita da ta shekara ashirin da aure. Na haɗa akwati na tura ƙuryar ɗaki, na ƙudurta ranar Lahadi ni da yara sai gidanta.

Asabar ta uku ya yi ta roƙo, wai in ba ni duk dariyar da ya saka a karkace take fitowa. Na zauna, a raina na ce in yi masa na ban kwana.

A minti na uku matar cikin wasan ta buɗe motar mijinta. Sai na ga ɗinki a jikin kujera, da shuɗin zare, wanda ni na yi da hannuna. Ta zura hannu ta fito da ɗan kunne dogo mai jan dutse.

Na ce, "Baban yara, wannan ba motarmu ba ce?"

Ya dakatar da hoton yana dariya. Wai motar da suka tanada ta ƙi tashi ranar, darakta ya ari tamu. Mai kula da kayan wasa ta jefa ɗan kunnen farko ya shige lungu, aka neme shi aka rasa, sai da ɗan uwansa aka yi, kuma har yau tana mita.

Dariya ta ƙwace min, kafin in ankara ta koma kuka. Ya riƙe biro yana kallona, bai san ko ya rubuta ba. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko ɗan kunnen na ajiye a kan takardarsa. Da yake na bar ƙofar a buɗe, daga inda yake zaune ya hango akwatin.

Can ya ce, "Da wannan kashin bai zo hannuna ba fa?"

Kunya ta kama ni, kuma wallahi na gode Allah, na gode wa motar da ta ƙi tashi, har mai mitar nan na gode mata. Shi ya taya ni mayar da kayan yara cikin durowa, bai ƙara tayar da zancen ba.

Da aka nuna kashin a talabijin muna zaune tare. Matar ta ɗago ɗan kunnen tana kallonsa, na kasa kunne ina jiran dariyar da aka saba. Shiru. Daga baya na ji darakta ya yi ta faɗa a kan wurin, amma Almakashi ya ƙi sakawa.