Kwalin da Ya Jiƙe

Yayana irin mutumin nan ne da idan ka roƙe shi ruwa a kofi, sai ya zo maka da bokiti, wai kada ya kasa. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa. Shi ya sa ran da ya kira ni ya ce ya saka ɗan itacen Inna a gidan waya, sai da na ajiye almakashi a kan keken ɗinki na nemi kujera.

"Gidan waya, Yaya? Itace mai rai? Motocin haya sun ƙare ne a duniya?"

"Direba jefa shi zai yi a bayan mota ya ɗora masa buhu," in ji shi. "Su kuwa rasit suka ba ni, har da lamba. Ki kwantar da hankalinki, Auta. Na shirya shi yadda ko wata zai yi a hanya ba zai bushe ba."

Inna ta dawo wurina da zama ne bayan gwiwoyinta sun ƙi, aka sayar da tsohon gidanmu da ke garin da Yaya yake. Wanda ya saya shaguna zai gina. Don haka itacen rumman da ke tsakar gidan, wanda Inna ta shuka tun ban zo duniya ba, gatari ya ci shi. Ana gobe za a sare, Yaya ya je ya haƙo ɗan tsiron da ya fito daga gindinsa, da saiwarsa da dunƙulen ƙasarsa. Shi ke nan abin da ya rage na gidanmu.

Ni dai na yi iya ƙoƙarina. Na ba Inna ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida, na sa sabuwar katifa, na ɗinka labule da hannuna. Ta yi godiya, ta sa albarka, amma akwatinta yana nan bayan ƙofa a rufe. Za ta ciro zane ta ɗaura, a wanke a goge, ta mayar da shi cikin akwati, ga durowa nan fayau ba kowa a ciki. Ko tsakar gida ba ta fitowa sai dole. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take magana.

"Auta, a ina kuke ajiye tsintsiya a gidanku?"

"Inna, gidanmu dai."

"To, gidanku."

Abu ɗaya ne kawai take tambaya da zumuɗi. Kowace safiya in na kai mata shayi, kafin ta karɓa sai ta ce, "Ya iso?" Ni kuma in danna lambar rasit a waya, wayar ta ce mini saƙo yana kan hanya. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, saƙo yana kan hanya. Mijina, wanda ko gobara ba ta sa shi sauri, ya ce wataƙila da ƙafa itacen yake tahowa. Na harare shi har sai da ya tuna yana da abin yi a waje.

Wata safiya na kai shayi, Inna ta karɓa, ta ce sannu, ba ta tambayi komai ba. Na tsaya ina jira, ta juya tana kallon bango. Wannan shirun ya fi kowace tambaya zafi. Na rufe shago ranar, na bar ɗinkin mutane a rataye, na ɗauki wayata mai hoton rasit ɗin da Yaya ya turo mini na nufi gidan wayar unguwarmu.

Na shiga da faɗana a baki, na riga na jera shi tun a hanya. Matar da ke bayan kanta, mai tabarau da igiya a wuya, ta bar ni na zazzage shi tas, sannan ta tura mini kujera da ƙafa.

"Zauna, 'yar'uwa, kin sha rana. Kawo lambar."

Ta danna, ta ƙura wa kwamfuta ido, ta ce kwalin ya shigo babban ofis na cikin gari, daga nan kuma bai fito ba. Na ce to ƙasa ce ta haɗiye shi? Ta ce in ina son shawara, kada in bi ta ƙofar gaba, can layi zan yi a ce mini yana kan hanya. In zagaya baya, inda motoci ke sauke kaya, in tambayi direbobi.

Bayan babban ofis fili ne mai warin man mota, da manyan buhuna jibge a kan keken tura kaya. Na tambayi mutum biyu suka ɗaga kafaɗa. Na uku yana wanke gilashin motarsa da tsumma. Da na ce kwali ne mai huji-huji a jiki, kamar yadda Yaya ya kwatanta mini, sai ya tsaya, ya juyo gaba ɗaya.

"Ke ce mai kwalin da ya jiƙa mini buhun wasiƙu?"

"Jiƙawa kamar yaya, Malam?"

"Hajiya, tun da nake tuƙin motar nan ban taɓa ɗaukar kwali mai fitsari ba sai naki. Muka iso gindinsa ya zama kunu. Takardar da aka manna ta saɓule, rubutun da aka yi da alƙalami ya narke, ba sunan mai aikawa, ba na mai karɓa."

A nan tsaye na kira Yaya. Sai da na matsa masa sannan ya faɗi gaskiya. Ya naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, wannan ba laifi. Amma bayan an auna kwalin an manna takarda, sai ya ga kamar ruwan ba zai kai ba, ya faki idon ma'aikaci ya tuttula gorar ruwa guda ta cikin hujin.

"Don kada ya ji ƙishi, Auta."

Na buɗe baki zan wanke shi, sai na ga direban ya dafe mota yana dariya har da hawaye, ni ma dariyar ta kufce mini. Ya nuna mini wata ƙofa a ƙarshen baranda. Ya ce duk kayan da suka rasa suna can ake kai su, wurin wani dattijo da suke kira Mai Ajiya.

Ɗakin dogo ne, kantoci daga ƙasa har rufi, yana warin tsohuwar takarda. Kwalaye, ƙunshe-ƙunshe, wata tayar keke, da wani agogon bango da aka jingine a kusurwa. Taga ɗaya ce a can ƙurya. A bakin tagar akwai tsohon bokitin fenti, a cikinsa kuma ga ɗan itace tsawon kamu biyu, da sababbin ganye ja-ja a samansa. Ganyen nan na san shi kamar yadda na san tafin hannuna.

"Baba, sannu da aiki. Wancan nawa ne."

Mai Ajiya ya ɗago daga teburinsa, ɗan siriri, gemu fari, biro a bayan kunne. Ya dubi itacen kafin ya dube ni, kuma kallon da ya yi masa ya fi wanda ya yi mini taushi. Ya ce kwalin a hannunsa ya ƙarasa wargajewa, ya ga abu mai rai, ba zai ɗora shi a kanta ya mutu ba. Shi ya samo bokiti, shi yake ba shi ruwa safe da yamma, ran hutu ma yakan leƙo.

Na miƙa masa wayata da hoton rasit. Ya duba da kyau, ya mayar mini.

"'Yata, lambar nan ta kwali ce, kwalin kuwa babu shi. Kowa zai iya shigowa ya ga itace ya ce nasa ne."

"Baba, mutum nawa ne suka zo neman rumman a gidan waya?"

"Ke ce ta farko. Amma aiki aiki ne." Ya gyara biron kunnensa. "Da na juye ƙasar a bokiti na tsinci wasu abubuwa a ciki. Faɗa mini ko mene ne, ki ɗauki abinki."

Na sake kiran Yaya. Ya ce, "Ƙasa mana, me zai kasance a cikin ƙasa?" Na kashe wayar. Raina ya ɓaci, amma ban iya yi wa dattijon nan tsawa ba. Na ga sarai ba ya son rabuwa da itacen, na kuma ga ba don shi ba da tuni ya zama itacen wuta.

Da na koma na tarar da Inna a bakin gado. Na durƙusa na ba ta labari tun daga direba har bokitin fenti. Da na zo kan gorar ruwan Yaya ta girgiza kai ta ce, "Ubansa sak." Da na faɗi sharaɗin Mai Ajiya, na ce ta gaya mini abin da ke cikin ƙasar in koma gobe.

"Miƙo mini mayafina," in ji ta.

"Inna, gwiwarku fa?"

"Gwiwar tawa ce ko taki? Kira mijinki ya fito da mota."

Matar da tun zuwanta ba ta taka bakin ƙofar gida ba, ita ce ta bi barandar nan doguwa da sandarta, ina riƙe da hannunta tana ce mini in daina jan ta kamar akuya. Mai Ajiya ya miƙe tsaye da ya gan ta, ya goge kujerarsa da hannun riga. Inna ba ta zauna ba. Ta wuce kai tsaye bakin taga, ta shafa ganyen da bayan yatsa.

"Iya," in ji Mai Ajiya a hankali, "sai kun gaya mini abin da ke cikin ƙasar."

"Ɓawon ƙwai," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Da tsohuwar ƙusa, ko biyu. Duk abin da ya fashe a gidana a gindin itacen nan nake binne shi, don ƙasa ta sha iska. In ta wajen famfo yaron nan ya haƙa, za ka ga farin faranti mai shuɗin baki."

Mai Ajiya ya ja durowa ya fito da wata ambulan, ya zazzage ta a kan tebur. Ƙusa mai tsatsa ta gangaro, sai gutsuren tangaran fari, da shuɗin zare a bakinsa. Inna ta ɗauka ta juya shi a tafin hannunta.

"Farantin babanku ne," ta ce mini. "A ciki yake cin abinci har ya bar duniya."

Kafin hawaye ya samu hanya, Inna ta tura yatsa cikin bokitin ta zaro shi da caɓi.

"Kai kuma, Malam, kashe shi za ka yi? Safe da yamma? Kifi ne? Ko huji ba ka yi wa bokitin ba."

"Ban sani ba, Iya."

"To yanzu ka sani. Amma ka kyauta, Allah ya yi maka albarka."

Sai ta zauna a kujerar, shi ya jawo kwali ya zauna, suka shiga hirar itatuwa kamar sun shekara da sanin juna. Ashe ɗaki ɗaya yake haya a bene, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Inna ta ce in itacen ya yi ƙarfi ya fitar da 'ya'ya a gindi, na farko nasa ne, ya tanadi bokiti mai huji. Ya sa ni na sa hannu a takarda, ya ɗauko bokitin da kansa har bakin mota, ya tsaya yana ɗaga mana hannu, ko da yake na san ba mu yake ɗaga wa ba.

Inna ta ƙi yarda a sa bokitin a baya. A cinyarta ta rungume shi, kowane rami muka faɗa sai ta ce wa mijina ya tuƙa kamar mai hankali. Shi kuwa sai "To, Inna" yake, yana murmushi ta madubi.

Da muka iso ba ta shiga ɗaki ba. Ta zagaya tsakar gidan da sandarta, tana duban inda rana ke faɗowa, tana caka ƙasa. Wajen igiyar shanya ta ce inuwa ta yi yawa. Kusa da famfo, daidai saitin tagarta, ta buga sandar sau biyu. Mijina ya tuɓe riga ya kama haƙa, ita tana zaune a kan kujerar roba tana ba da umarni, a faɗaɗa nan, a zurfafa can. Da ramin ya yi mata, ta kwance bakin mayafinta ta jefa gutsuren farantin Baba a ciki, da ƙusar. Ta leƙa ramin, ta ga abin bai kai ba.

"Auta," ta ce, "wai mu a gidan nan namu ba a fasa faranti ne?"

Na tsaya ina kallonta. Ita ko a jikinta, ramin take dubawa. Na juya na shiga kicin, na buɗe kabad, na tsallake tsofaffin na robar, na zaɓi farantin tangaran da na fi so, na sake shi a kan siminti.