Man Keke a Kunnen Goge

Tun da Auta ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa, gogenta yake zaune a saman kabad ɗin ɗakin ɗinki, cikin baƙin akwatinsa. Goge ne irin na Turawa, mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Malamar kiɗa ta makarantarsu ce ta bar mata shi da za ta yi ritaya, kuma tun daga ranar gidan bai sake sanin shiru ba. Da farko kukansa kamar an taka wutsiyar kyanwa, maƙwabta suka yi mita har bakinsu ya gaji. Sannu a hankali hannun yarinyar ya faɗa, har ya zamana in ta fara gogawa, Umma takan ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ta yi tsit. In an tambaye ta me ya tsayar da ita, sai ta ce zare take nema.

Ranar tafiya kaya suka yi yawa, aka rasa inda za a sa shi. Auta ta ɗora shi saman kabad da hannunta ta ce, "Ki ajiye min, Umma. In na zo hutu zan ɗauka."

Wannan magana Umma ta riƙe ta da hannu biyu. A lissafinta, muddin gogen yana nan, dole wata rana mai shi ta turo ƙofa ta shigo.

Kullum da safe, in ta share ɗaki kafin masu kawo ɗinki su fara sallama, sai ta taka kujera ta sauko da akwatin. Ta goge katakon da ƙyalle mai laushi, ta taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Ba ta san kiɗa ba ko na sisin kwabo, amma muryoyin nan huɗu ta san su kamar yadda ta san ƙarar kekenta in zare na shirin tsinkewa. In ɗaya ta yi sanyi, sai ta kama kunnenta, wato ɗan katakon nan da ke soke a kan gogen wanda tsirkiya ke naɗe a jikinsa, ta murɗa kaɗan har muryar ta koma inda Auta ta bar ta.

Yaya, yayar Umma da ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta, tana zaune a bakin taga tana ɗinka maɓallai, ba ta taɓa barin abin ya wuce ba.

"An yi wa jariri wanka? To saura ki goya shi."

"Ke dai ji da maɓallanki, Yaya. Na jiya duk a karkace suke."

Da damina ta kankama, komai na gidan ya kumbura. Ƙofar kicin ta daina rufuwa, aljihun tebur ya ƙi fitowa. Wata safiya Umma ta kama kunne na biyu za ta murɗa, ya ce bai san zance ba. Ta sa ƙarfi, ya yi wata 'yar ƙara, ta sake shi da sauri. Ta tsaya tana kallonsa. Ita dai tun tana budurwa, duk abin da ya cije a gabanta magani ɗaya ta sani. Ta miƙa hannu ta ɗauko 'yar robar man keke mai dogon baki, ta ɗiga masa a gindi. Da rana ta sake gwadawa, sai ga shi yana juyawa lafiya lau. Daɗi ya kama ta, ta ce ai ba a yi adalci ba in aka bar sauran, ta bi su duka ta ɗiɗɗiga. Garin haka har wani ɗigo ya faɗa cikin shimfiɗar akwatin.

Kashegari ta buɗe akwati ta tarar da tsirkiyoyin sun saki, sun kwanta kamar igiyar shanya. Ta murɗa, murya ta hau, tana sakin hannu kunnen ya sulale ya koma. Ta sake, ya sake. Gogen da ke gaishe ta kullum da murya huɗu ya zama bebe.

Ba ta gama da wannan tashin hankali ba Auta ta kira. Bayan gaisuwa da tambayar ƙafar Yaya, sai Auta ta kawo maganar da ta kira dominta.

"Umma, bana ma dai hutun ba zai yiwu ba. Amma akwai wani abokin aikin maigidana da ya zo gida, ƙarshen wata zai dawo. Don Allah ki ba shi gogen nan ya taho min da shi."

Umma ta ce to. Ta ƙara cewa to. Da ta ajiye wayar ta hau keke, ta ɗinke hannun rigar wata mata a baibai, sai da Yaya ta nuna mata.

Mai gyaran kayan kiɗan da ta kai wa gogen yana saman wani shagon agogo ne, a ƙarshen wata matattakala mai duhu da ba ta ɗaukar mutum biyu. Ɗakin yana warin gam da garin katako. Garayun Turawa da ake kira gita suna rataye ta wuya a bango, wata babbar ganga da fatarta ta yage ta zama teburin shayi. Shi kuwa dattijo ne siriri, da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya karɓi gogen, ya warware tsirkiya, ya zare kunne ɗaya ya kai hanci. Sai ya dube ta ta saman tabarau.

"Baiwar Allah, ɗinki kike yi?"

Kunya ta rufe Umma. "Cijewa ya yi, Malam. Na ce ko mai yake so."

Ya yi dariya, amma ba irin ta wulaƙanci ba. "Ai kin yi hankali. Wani filaya yake sa wa, ya kawo min kan a tsage gida biyu. Kin gani, kekenki santsi yake so. Shi wannan kuwa babu zare a jikinsa kamar noti, katako ne kawai ya kama katako, da wannan kamun yake riƙe tsirkiya. In ya cije, a bar shi ya sha iska, a zare shi a shafa masa busasshen sabulu kaɗan. In ya cika santsi, a goga masa alli."

"Alli ai ina da shi buhu-buhu."

"Ba naku na tela ba, shi da kakin zuma a ciki. Na allo."

Ya haska ramukan da 'yar fitila, ya girgiza kai. Ya ce man ya riga ya shige cikin katako, kuma hanya biyu ce. Ko dai a cika ramukan da garin alli ya riƙa tsotse man, a kakkaɓe a sake zubawa, a yi ta yi har bayan damina, kunnuwan nan nasa na asali su koma aiki. Ko kuma ya kankare ramukan kaɗan har ya kai katako mai tsabta, ya feƙe sababbin kunnuwa daidai da su, wannan kafin mako ya zagayo an gama.

Umma ta yi lissafi a ranta. Bayan damina, ai mai tafiya ya daɗe da tafiya. Gogen zai koma saman kabad ɗinsa, kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya.

"A yi ta allin," in ji ta. "Na asalin sun fi."

Ta sauko matattakalar da sauƙin jiki kamar an sauke mata kaya. Amma da ta ba Yaya labari, Yaya ba ta ko ɗaga kai daga maɓallinta ba.

"Yaushe kika zama masaniyar katako, har kika san na asali sun fi?"

"Shi ya faɗa."

"Uhm. Shi ya faɗa."

Da yamma Umma ta kira Auta ta shaida mata kunnuwan sun lalace, gyaran zai ɗauki lokaci. Maganar mai dai ba ta tayar ba. Ta yi zaton yarinyar za ta yi ƙorafi irin na 'yan auta, har ta tanadi amsa. Sai ta ji wata 'yar siririyar murya.

"Ba komai, Umma. Allah Ya kai mu wani lokacin."

"Dama gaggawar me kike yi? Ko a can babu goge ne?"

"Akwai. Ba nawa ba ne dai." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Maigidan yana fita tun da safe. Ni kaɗai nake yini, ko sallama ba mai yi min. Jiya ina tsaye a kicin, sai na ga yatsuna suna ta dannawa a gefen tebur, wai ni kiɗa nake. Na ce to, Auta, haukar ta fara."

Umma ta yi mata faɗan ta riƙa fita tana shan iska, suka yi sallama. Ta daɗe zaune da wayar a cinya. Ita tana da Yaya da bakinta, tana da masu ɗinki masu shigowa da gulmar unguwa, tana da ɗakin da Auta ta yi rarrafe a cikinsa. Duk da haka kewa ke neman kashe ta. To ita yarinyar da ba ta da ko ɗaya daga ciki fa? Abu ɗaya tak ta roƙa, shi ma uwarta ta sa hannu ta danne. Umma ta ji haushin kanta, ta kuma ji tausayin kanta, don har a lokacin ba ta son rabuwa da gogen.

Da safe mai gyara yana buɗe ƙofa ya same ta a tsaye tana haki.

"Malam, a yi ta gaggawar."

Bai tambaye ta dalili ba. Ya sauke tabaran goshi ya ɗora a kan na hanci, ya jawo gogen.

Ranar da ta je karɓa, sababbin kunnuwa huɗu baƙaƙe suna zaune cas a ramukansu. Ya sa ta murɗa da kanta. "Ki riƙa turawa ciki kina juyawa, kamar kina toshe kwalba. Yauwa. Saki." Ta saki. Muryar ta tsaya inda aka ajiye ta. Ta bi sauran ukun, kowace ta amsa, sai da ta juya baya ta gyara mayafi.

"Abu ɗaya ne ya fi ƙarfina," in ji shi. "Warin man nan. Ya kama kan gogen, ya kama shimfiɗar akwati. Zai daɗe."

Umma ta shanya akwatin a inuwa, ta sa gawayi a ciki ya kwana, duk a banza. Ta haƙura. Ta yanka wani yadi mai kauri da ta daɗe tana ɓoyo, ta ɗinka wa akwatin riga da soso a ciki saboda wurgin 'yan kaya, Yaya ta sa maɓallai, wannan karon a miƙe. Abokin aikin mijin Auta ya zo a gurguje, mota na jiransa a waje, ya rataya gogen a kafaɗa ya fita kamar ya ɗauki lema.

Saman kabad ya zama fili. Kowace safiya Umma takan tsinci kanta da hannu a kan kujerar takawa, sai ta tuna, ta mayar da ita wurinta.

Wata rana da hantsi, tana tsakiyar kafa wuyan riga, waya ta yi ƙara. Ta saka ta a kafaɗa ba ta daina taka keke ba.

"Umma, ya iso. Yanzu nake buɗewa."

Ta ji ƙarar maɓallai, ta ji ƙyas-ƙyas na makullin akwati. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har ta duba ko layin ya yanke.

"Auta?"

Numfashi ta ji, irin na mai kuka yana ɓoyewa.

"Me ya faru? Ya fashe ne?"

"Umma, ƙamshin ɗakinki. Man kekenki ne. Ina buɗewa sai na ji kamar ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarki ina tsintar ƙyallaye." Ta ja hanci. "Ta yaya ya shiga ciki?"

Umma ta dubi robar man keken da ke gefenta. Da ƙyar ta ce, "Zama wuri ɗaya ne."

"Kada ki kashe. Bari in ɗaure shi."

Daga can nesa muryoyin huɗu suka taso ɗaya bayan ɗaya, sirara a cikin waya, sannan aka ja izga a kan tsirkiya. Kiɗan nan ne da Auta ta fi so, wanda ta yi ta maimaitawa a wannan ɗaki har bango ya haddace. Umma ta kasa kunne tana jiran inda tsirkiya za ta saki. Wani ɓangare na zuciyarta ma so yake ta saki, ko a ce dole a dawo da shi gyara. Ba ta saki ba. Dattijon nan ya san aikinsa, kunnuwan sun riƙe gam har ƙarshe, kuma ta san gogen ya tafi ke nan.

Yaya ta ɗago daga bakin taga, ta ga keke a tsaye, riga a maƙale ƙarƙashin allura, ƙanwarta ta manna waya a kunne da hannu biyu.

"Ke kuma me ya tsayar da ke?"

Umma ta goge ido da bayan hannu.

"Zare nake nema."